Kakanmu Malam Hadi da Pai Ɗinsa

Jama'ar gida, rizal ya fito, kuma kafin ku cinye min caji da kira: na ci lissafi. Kiredit, ba cuwa-cuwa. Ni Ummi da na sha ƙasa har sau biyu, Abba ya ce wannan zaman shi ne na ƙarshe, in na sake faɗuwa in manta da zancen makarantar nas in rungumi keken ɗinki. Tun safe nake tsalle, amma mutum ɗaya ke ta faɗo min a rai, marigayi kakanmu Malam Hadi.

Kun dai san halinsa. Tsohon malamin lissafi, ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Duk abin da ya gani mai faɗin gindi da tsinin kai, jinkar rumbu ce, malfa ce, tulin yashi ne, sai ya tsaya ya hau awo. In ya gama kuma ba zai ba ka amsa irin ta mutane ba, sai ya liƙa mata pai a ƙarshe. Pai ɗin nan dai ta makaranta, lambar da ake lissafin da'ira da ita. Ka ce masa ai uku da ɗigo ɗaya huɗu ce, yanzu zai haɗe rai.

"Ƙage kake mata. Lambar da ba ta da ƙarshe, kai wane ne da za ka gutsure mata wutsiya? Bar ta da sunanta."

Wa ya tuna kakar da aka sussuke dawa aka tula a masussuka, Liman ya zo maganar zakka? Tsoho ya zagaya tulin da sandarsa. Daga tsakiya zuwa gefe kamu uku, tsayi kamu biyu.

Liman ya ce, "Malam Hadi, buhu nawa kake gani?"

"Shida pai."

"Shida me?"

"Pai. A fitar da ɗaya bisa goma a ba masu rabo."

Liman ya dube shi ya dubi tulin, ya ce, "Malam, ni dai a karatuna ban taɓa cin karo da wannan ma'aunin ba. Yara, ku ɗauko mudu."

Aka wuni ana awo, tsoho na zaune a gindin ɗorawa yana mita: "Ku auna. Amma ku sani kusa-kusa kawai kuke yi."

Da na faɗi karo na biyu, shi ya karɓi aikina. Ya gano cutata nan take: kullum in aka zo lissafin abu mai tsinin kai sai na manta in raba gida uku.

"Amarya," in ji shi, "matar da ba ta san ɗaya bisa uku ba, sakinta zan yi."

"Tsoho, sake ni mana, da ma wa ke son miji mai haƙori huɗu?"

Ya shiga ya fito da mazurari da wani gwangwani, bakinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Ya ce in toshe ƙasan mazurarin da yatsa, ya cika shi da gero, ya juye a gwangwani. Bai kai ko rabi ba. Ya sake. A na uku gwangwani ya cika cif.

"Kin gani? Mai tsini kashi ɗaya yake ci, biyun iska ce."

Wallahi ranar abin ya zauna min a ka. Matsalar ita ce mazurarin na kalanzir ne, geron kuma na furar Inna ne, kakarmu. Tsoho ya lallaɓa ya mayar mata cikin ƙwarya. Da aka dama fura, kowa ya kurɓa ya ture. Shi kuwa zubar da abinci a wurinsa haramun ne, sai ya jawo ƙwaryar ya shanye tas, yana ta cewa shi bai ji komai ba.

Inna ta leƙo ta ce, "To, yau dai kar wanda ya ƙyasta ashana kusa da Malam."

Lokacin jarrabawa ya riga ya kwanta. Ina buɗe takarda sai ga mutuniyar: mazurari, rabin faɗin baki shida, tsayi goma, a bar amsa da pai. Saura ƙiris in yi guɗa a aji. Shida sau shida, sau goma, raba uku. Ɗari da ashirin pai. Na rubuta na ja layi biyu don gayu.

Daga makaranta ɗakinsa na wuce ko hijabi ban cire ba. Muryarsa da ƙyar take fita.

"Kin raba uku?"

"Na raba."

"Pai ɗin fa, kin taɓa ta?"

"Ban taɓa ta ba, tsoho."

Ya lumshe ido. "To na fasa sakin."

Bai ga ƙarshen damina ba. Ɗazu da na nuna wa Inna wayar, ta daɗe tana kallo duk da ba ta karanta boko, sannan ta ce in jiƙa wake, gobe Juma'a mu soya ƙosai mu raba wa yaran unguwa da sunansa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu. Allah ya jiƙan Malam Hadi, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa.