Ranar Da Na Hana A Tashi Inna Daga Barci

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, a bar labarin kawai.

A shekarar da korona ta shigo, ni sabuwar likita ce, ban daɗe da gama shekarar koyon aiki a wani asibiti a Kano ba. Garinmu ƙauye ne a arewacin Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har sai ka rasa iyakar ta wani da ta wani, in ba ka san bishiyar da aka yi shaida da ita ba. Ni ce mace ta farko da ta zama likita a garin, don haka tsofaffi ma da suka ga haihuwata sun daina kiran sunana, sai Likita. A lokacin ni mai shiru-shiru ce, mai yawan tafiya cikin tunani. Bayan kowane littafin karatuna cike yake da 'yan baitocin da nake rubutawa a kan ƙanshin ƙasa in an yi ruwan farko, ko inuwar gawo da rani. Ina ganin duniya da taushi, ina kuma zaton duk abin da aka yi da ƙauna ba zai cutar ba.

Ni 'yar fari ce, kuma Inna tana kunyata irin ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce waccan. In tana so in ci abinci, sai ta dubi Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu, ta ce a gaya wa waccan tuwo zai huce, alhali ina zaune a gabanta. A hannun kakata na tashi, don haka ban san jikin Inna ba, ban taɓa kwanciya a cinyarta ba. Amma duk komawar da zan yi makaranta sai na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli a ƙasan jakata, ba wanda ya ce mini ga wanda ya sa. Sana'arta ke nan. Fiye da shekara talatin tana suyar gyaɗa da matsar mai a ɗan ɗakin girki mai taga ɗaya, da kara da ɗanyen itace. Bangon ɗakin ya yi baƙi ƙirin, ban taɓa tsayawa na yi tunanin huhunta ma haka ya koma ba. Tarinta ya zame mana kamar carar zakara, da shi muke sanin gari ya waye.

Sai na faɗi irin koyon da na yi kafin a fahimci kuskurena. A shekarar koyon aiki an zagaya da mu sassa-sassa, amma sashen masu tsananin ciwon numfashi 'yan kwanaki kawai na yi a cikinsa. Ba wani tsari guda da aka ce kowa sai ya bi. Abin da ka koya ya danganta da babban likitan da ka faɗa hannunsa, da irin marasa lafiyar da aka kawo a makonka. Wanda na bi, cewa yake in ka ga mutum yana haki, buɗe masa iskar oksijin kawai, tambaya ta biyo baya. Ba zan yi ƙarya ba, na taɓa karanta cewa akwai masu tsohon ciwon huhu da ba a cika musu iskar. Na haddace don jarrabawa, na ci, na manta. A raina maganar ta tsofaffin maza mashaya sigari ce a ƙasashen sanyi. Ban haɗa ta da mace mai tuyar ƙuli-ƙuli da ko warin taba ba ta so ba.

Cikin azumi ne, ana tsakiyar kullen korona, bazara ta yi tsanani, maza suna ta kai taki gona a kan jakuna. Gwaggo ta kira ni ta ce jikin Inna ya motsa, kwana uku ba ta iya kwanciya. Da katin aikina na ratsa shingayen hanya. Na same ta a zaune an tokare ta da matasai, leɓɓanta sun yi duhu, kafaɗunta na ɗagawa da kowane numfashi. Da ta gan ni sai ta ja mayafi ta kau da kai. Na fita na sami Baba a zaure na ce a kai ta Kano. Ya ce ya ji duk mai tarin da aka kai killace shi ake yi, ba mai ganinsa, in ta Allah ta kasance ba mai laƙƙana masa kalmar shahada, ba mai yi masa wanka cikin danginsa. Ya ce shi ba zai miƙa matarsa ga baƙi ta mutu ita kaɗai ba. Gwaggo kuma daga bakin ƙofa ta sa baki tana murmushi, wai ga likita sukutum a gida, ta ci gyaɗar gidan nan har ta kai jami'a, sannan a ɗauki uwarta a kai wa 'ya'yan wasu? A nan ya kamata in ce musu likita ma iri-iri ne, wannan aikin ba a koya mini shi ba. Kalma uku ce, ban iya ba. Kunya ta hana ni, kuma gaskiya maganar Gwaggo ta yi mini daɗi.

Washegari da hantsi wata abokiyar aikina ta aiko mini da tukunyar oksijin da takunkumi da 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa. Na sa wa Inna takunkumin, wannan ne karo na farko da na taɓa fuskarta. Na buɗe iskar kaɗan, lambar da ke yatsanta ta hau. Na ƙara, ta ƙara hawa. Sai na ce a raina me zan rage wa matar da ba ta taɓa rage mini komai ba, na murɗa har ƙarshe. Lambar ta kusa ɗari. Leɓɓanta suka washe, hakin ya lafa, kafin azahar ta jingina ta yi barci, barcin da ta kwana uku ba ta samu ba.

Mata suka fara zuwa dubiya, suna tsayawa a tsakar gida suna leƙe. Wata ta ce wannan tukunya ai ta fi rubutu sauri, aka yi dariya aka nemi gafarar Allah. Wata ta ce ita ma 'yarta boko za ta sa ta ko da za a sayar da akuya. Ni da bakina na ce su rage murya kada su tashe ta. Na zauna a dokin ƙofa, ina leƙen lambar nan lokaci-lokaci, ina jin sanyi a raina. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne na ɗauko littafina na rubuta baitoci a kan natsuwar fuskarta. Da aka kira la'asar Gwaggo ta tashi za ta tashe ta salla, na riƙe hannunta na ce ta bar ta, mara lafiya ce, ta rama daga baya. Gwaggo ta ce to, Likita ta fi mu sani.

Rana ta yi ja, ana dama kunun shan ruwa, Gwaggo ta shiga da kofi ta kira Inna, ba ta amsa ba. Ta girgiza ta, shiru. Da na duba sai na ga numfashinta ya zama ɗan kaɗan, tsakanin ɗaya da ɗaya akwai nisa. Baba da kansa ya fita neman mota, bai ƙara zancen killacewa ba. Ba mu kai Ɗambatta ba Inna ta cika, kanta a cinyar Gwaggo, tukunyar na ta huci a gefenmu.

A zaman makoki kowa yabona yake. Cewa ake ta tafi cikin sauƙi, a hannun 'yarta, ba wahala. Baba ya sa mini albarka a gaban mutane. Na yarda da hakan, na rayu a kai shekara biyu.

Daga baya na samu shiga horon ƙwarewa a fannin kula da masu tsananin ciwon numfashi. A nan na ga bambanci. Manhaja guda ce ga kowa, an jera abin da za ka sani mataki-mataki, kuma kowane aiki sai ka yi shi a gaban malami ya gani da idonsa kafin a bar ka da mara lafiya. A watan farko malamarmu, wata dattijuwar likita mai kaifin harshe, ta tsayar da mu a gadon wata tsohuwa. Ta tambaye ta sana'arta, tsohuwar ta ce dafa daddawa. Malama ta juyo ta ce mu daina neman sigari a aljihun mutanenmu, murhu ya ishe su. Ta ce huhun da hayaƙi ya daɗe yana ci ba ya iya fitar da gurɓatacciyar iska sosai, in aka cika masa oksijin ba awo sai ta taru a jini. Mutum ya fara da ciwon kai, ya koma gyangyaɗi, ya yi barci, lambar yatsa kuma tana nuna lafiya lau. Ta ce ba hana su iskar ake yi ba, auna musu ake yi, a gwada jini, in ya kama a sa musu na'urar da ke taya su tura numfashi. Ta ƙare da cewa duk wanda ta kama ya bar irin wannan mara lafiya yana barci bai tashe shi ya ji muryarsa ba, ya koma gida ya yi kiwon kaji. Abokaina suka yi dariya. Ni kuwa barcin Inna ne ya faɗo mini a rai.

Ƙarshen makon na tafi gida na tambayi Gwaggo ko Inna ta yi kukan wani abu a ranar. Ta ce ƙwarai, bayan an sa mata abin nan da ɗan lokaci ta raɗa mata cewa kanta ya yi nauyi kamar an aza mata tulu. Ta shafa mata man zafi. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce Inna ce ta hana, ta ce kada a gaya wa waccan, ta sha hanya kuma tana azumi, a bar ta ta huta.

Na kwashe komai na gaya wa malamata. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini ƙarya ba. Ta ce ajali na Allah ne, huhun Inna ya riga ya ci wuya, mai yiwuwa ko a asibiti ba za ta tashi ba. Amma ta ce da akwai abin gwadawa, kuma ba a gwada ba. Har yau ban iya gaya wa Baba ba. Yana nan yana ba baƙi labarin yadda 'yarsa ta sama wa uwarta sauƙi, ni kuwa in sunkuyar da kai, su ɗauka kunyar yabo ce.

Na yarda da ƙaddara, ina kuma neman gafarar Ubangiji, amma na koyi cewa ƙauna ba ta maye gurbin horo. 'Yan'uwana sababbin likitoci, in ba a koya muku abu ba ku faɗa, ko a gaban mahaifinku ne. Iyaye, kada ku ɗora wa ɗanku abin da ya fi ƙarfinsa don yana sa farar riga, kuma iskar oksijin magani ce mai awo, ba a ajiye ta a ɗaki a yi ta murɗawa. Masu tsara karatun likitoci kuma, don Allah kada ilimin da rai ya rataya a kansa ya zama sai wanda ya yi sa'ar malami. A koya wa kowa iri ɗaya, da misalan mutanenmu, da murhunmu.

Yanzu a sashenmu ma'aikatan jinya suna tsokanata, wai ni ce likitar da ba ta barin tsofaffi su runtsa. Ba na musu. Duk tsohuwar da na ga ta yi lamo a ƙarƙashin takunkumi, sai na kama fuskarta da hannu biyu, in ce Inna, buɗe ido ki dube ni, ki gaya mini inda ke miki ciwo. Abin da ban iya ce wa tawa ba ke nan. Allah ya jiƙanta.