Rabon Bitrus a Cikin Injina

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar abokina Injiniya Bitrus. Ni dillalin taki ne, ba marubuci ba, saboda haka zan fara da abin da ya bar mini a hannun inji guda: shaguna uku, a Barnawa da Sabon Tasha da Kakuri, da sito ɗaya, da kuma sunana a wurin kamfanin da ke ba ni kaso kowace damina. Duk sun rataya a kan wata babbar kwamfuta da ya haɗa mini, wadda suke kira saba.

Mun san juna ne a farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da rikici ya raba garinmu, kowa na tattara kayansa yana komawa ɓangaren kogin da ya fi samun natsuwa. Ni ban bar Makera ba, shi kuma yana Sabon Tasha. Shi ya raba ni da takardu, ya zuba komai a rumbun bayanai, yadda mai karɓar kuɗi a Barnawa zai ga buhun da ya fita daga sito nan take.

Ya taɓa yi mini bayanin cikin injin yadda zan gane. Ya ce ƙwaƙwalwar saba kamar filin sito ce. Kowane ma'aikaci da ya shiga yana da ɗan lungunsa, amma akwai wuri guda a tsakiya da kowa ke amfani da shi tare, inda ake baje bayanan da aka fi nema don kada a yi ta komawa cikin rumbu. Girman wannan wuri na tarayya ba a barin sa sakaka. Akwai iyakar da injin kansa ya sa, akwai kuma abin da rumbun ke nema idan zai tashi. In ya nemi fiye da abin da aka ba shi izini, ko ya tarar wani ya tare wurin, ba zai tashi ba sam.

Da na ji kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ba wurin tarayyar, har ya ware wani yanki gefe babu kowa a ciki, sai raina ya ɓaci.

"Injiniya, ƙwaƙwalwar nan fa duka na saya. Me ya sa za ka bar mini wani wuri yana hutawa?"

Ya yi dariya. "Alhaji, kai ko inuwar bishiya ka samu sai ka ba da haya. A gidanmu ba a kankare tukunya. Mama takan bar na wanda ke hanya."

"Wa ke hanya a cikin kwamfuta?"

"Ka bar shi dai."

Na bar shi. Ciwon hanta ya ɗauke Bitrus bayan 'yan shekaru, muka kai shi ƙauyensu muka dawo.

Damina ta biyu bayan rasuwarsa ciniki ya buɗe fiye da yadda na saba gani, sai injin ya fara jan ƙafa. Rasit guda sai an jira shi. Manyan motoci suka yi layi a ƙofar sito, direbobi na zage-zage, wakilin kamfani kuma ya gaya mini ƙarara cewa in ban kwashe kasona a wannan makon ba za a miƙa wa wani. Na kira Injiniya Rahila daga Kamazou, mace mai sanin aikinta, na ce ta ba rumbun duk abin da yake so.

Ta ɗaga iyakar, ta ƙara girman wurin tarayya, ta sake kunnawa. Rumbun ya ƙi tashi, ya ce bai sami wurin da ya nema ba. Ta duba su wa ke riƙe da ƙwaƙwalwar, sai na ga ta janye hannunta daga madannan kwamfutar.

"Alhaji, waye Bitrus?"

Na matso. Ga sunansa a fuskar kwamfuta, ƙananan haruffa, a gaban wani yanki.

Na ce, "Ya rasu."

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Yakan faru, aiki ya mutu ya bar wurinsa a kame. Amma wannan ba haka ba ne. Akwai mai amfani da shi. Nan ya nuna an shiga ɗazun nan, muna zaune."

Da rana ne tsaka, ƙofa a buɗe, leburori na ta hayaniya a waje, amma na kasa ɗauke idona daga sunan nan. Ta goge yankin. Rumbun ya tashi da gudu irin wanda ban taɓa gani ba, muka loda mota biyu. Sai aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya kama, injin ya mutu ya sake tashi, sunan Bitrus ya dawo inda yake, rumbun kuma ya sake ƙi. Haka muka yi ta yi har la'asar.

Rahila ba ta yarda da fatalwa ba. Ta ce wani ɗan umarni ne ya ɓoye wanda ke tashi tare da injin. Ta nema ba ta gani ba. Daga nan ta ba ni zaɓi biyu: ko ta wanke injin tas ta zuba komai sabo kafin gari ya waye, mu cim ma kamfani, ko ta mayar da rumbun girmansa na da, ya zauna gefen yankin, mu ci gaba da tafiyar hawainiya.

Ni ba mutum ne mai tausayin kaya ba. Na sha rushe shago in gina wani. Amma na kalli sunan nan na kasa cewa a wanke. Na ce ta mayar yadda ya bari.

Tun daga lokacin sau biyu muna sauya inji, ana kwashe tsohon gaba ɗaya a juye a sabon, yankin kuma na biyo mu. Yanzu Rahila na matsa mini mu yi hayar wuri a manyan injunan ƙasashen waje kamar kowa, inda ba ka ganin ƙarfen, ba ka san da wa kake tarayya ba. Nakan yi tunanin me Bitrus zai ce. Na tabbata ba zai tambayi farashi ba. Zai tambaya ne su wa ke zaune tare da mu a ciki, kuma wa ya sa iyaka. Rahila ta ce a can ba za a karɓi yankinsa ba. Na ce mata to mu dakata tukuna.

Ga yadda cinikin ya tsaya. Ban kwashe kaso a wancan makon ba. Kamfani ya ba wani rabin kasona, bai kuma dawo mini da shi ba har yau, kuma a dalilin haka na rufe shagon Kakuri. Wannan faɗuwa ce, ba zan sa mata wani suna ba. Bitrus kuma ya tsira da wurinsa, wanda har yanzu ban san me ke shiga cikinsa ba. In aka sake kawo mini cinikin nan gobe, a haka zan saya.