Kayan Motar da Ta Girme Ta

Mun wuce Dinawa kaɗan sai motar ta yi tari, ta buga kamar bindiga, warin fetur ya cika mini hanci. Zamanin Turawa ne, ban daɗe da gama makaranta ba, anka sa ni motar hukumar En'e daga Wurno zuwa Goronyo in fara koyarwa. Ni kaɗai ce a baya, kuma ƙofar bayan da igiya direba ya ɗaure ta daga waje, don makullinta ya lalace.

Na ce, "Baba direba, mi ya faru?"

Ya ce, "Babu komi, ɗiyata, halinta ne."

Bai rufe baki ba harshen wuta ya fito daga gaban motar. Direba ya dire ya bar ni ina dukan gilashi. Masu albasa na fadama sunka sheƙo, wani ya yanke igiyar da lauje na fito, sauran na watsa ma wutar ƙasa.

Ina zaune ƙasa na ji direban yana yi musu bayani, har da dariya. Wai distirbita, abin nan mai raba wuta ga fulogi, na wata mota ne da ta girmi wannan da shekaru. Fuskar motocin ɗaya, amma na tsohuwar ƙafarsa ta fi kauri, ramukan wayoyin ma ba su zo daidai ba. Sai ya goge shi da magagari, ya cusa, ya ɗaure da fata. Ashe ya sani, kuma ya ɗaure ni ciki! Har yau in na tuna dariyar nan, sai haushi ya kama ni.

Ana kiran la'asar wata tsohuwa ta dafa kaina ta ce, "Wuta ta mutu, ɗiyata. Kin tsira."