Ranar da aka kama rana a Itapagipe

Inna mai ƙosai ta rasu. Da safen nan labari ya same ni a bakin rijiya, a nan unguwarmu ta Itapagipe.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ce ta fara yi min Hausa a Bahiya, wannan gari na ƙetaren teku da aka kawo mu bauta. An sauke mu daga jirgin ruwa, ina kuka ina kiran uwata, sai na ji an ce, "Yi shiru, 'yata, ga ƙosai." Tun daga nan ban taɓa wuce kaskonta ta bar ni da yunwa ba. Da uwargijiyata ta zane ni, ita ta gasa min baya.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar husufin nan ne. Hadari ya rufe gari, ana yayyafi. Can sai hasken ya koma wani rawaya-rawaya kamar na mara lafiya. Kaji suka shige akurki. Karnuka suka yi tsit, sai ƙararrawar coci kawai.

Gajimare ya ɗan yage, muka hango ranar, an gutsure mata gefe.

Kun san tun bayan boren nan da bayi Musulmi suka yi, ko carbi aka gani a hannunka ka shiga uku. Amma Inna ta sauke kasko, ta yi alwala da ruwan tulu, ta ta da salla a bainar jama'a. Na tsaya ina tare ta da zanena.

Da ta sallame ta juya wajen teku.

"Kina jin gangar? Ta garinmu ce. Haka ake kaɗawa a Zazzau in an kama rana."

Na ce, "Inna, ruwa ne kawai."

Ta yi murmushi. "Ba ke ake kira ba."

Ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau. "Mariya suke ce min a nan, sunan da suka sa min a coci. Sunana Hadizatu. Riƙe min shi."

Gajimaren ya rufe. Ba mu ga sakin ranar ba.

An ce tun jiya iyayen gidanta suka binne ta a matsayin Mariya. Ba wanka, ba salla, ba wanda ya sanar da mu.

Allah Ya jiƙan Hadizatu, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da nata.

Duk wanda wannan ya isa gare shi, don Allah a yi mata addu'a, ko da a zuci ne. A ambaci sunan.