Farin Layi a Gilashin Taga

Shekara talatin da biyu Mai Rijiya yana shiga ƙasa da ransa yana fitowa, har gwiwoyinsa suka yi masa tawaye, injin burtsatse kuma ya kwashe sauran aikin. Abin da ya rage masa na sa rai shi ne wani farin dutse mai sheƙi, bai fi ƙwan kaza ba, wanda ya tsinto a gindin rijiyarsa ta ƙarshe.

Ya taɓa ji a bakin wani direba cewa lu'ulu'u ne kaɗai ke karce gilashi. Ranar da ya kawo dutsen gida ya goga shi a gilashin taga, sai ga farin layi ɗoɗar. Tun daga nan ya hana kowa taɓa tagar. Shekara tara matarsa tana goge ɗaki tana kauce mata kamar mai kunyar suruki.

"Malam," ta ce wata rana, "ko ka kai dutsen nan a duba, ko ka ba ni in dafa."

Ya ɓalle gilashin, ya naɗe shi tare da dutsen a tsumma, ya nufi ofishin masu gwajin ma'adanai. Ma'aikaciyar, sa'ar autarsa, ta buɗe akwati mai gurbi goma, kowane da dutsensa.

"Baba, mai tauri shi ke karce mai laushi, haka muke jera su. Na goma lu'ulu'u ne, babu mai karce shi."

"Ai nawa ya karce gilashi, 'yata. Ga shaida."

Ta lashi babban yatsa ta shafa a kan layin. Layin shekara tara ya tafi, gilashi fes.

"Ba shi ya ci gilashin ba, Baba, gilashin ne ya ci shi. Garinsa ne ya bari." Ta sa farce, dutsen ya kankaru kamar sabulu. "Irinsa ake niƙawa a yi hoda."

"To, shi na nawa ne a cikin goman?"

"Na ɗaya. Babu wanda ya fi shi laushi."

Ya daɗe yana kallon garin da ke farcenta. "Ba laifi," ya ce. "Ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba."

A gida matarsa ta dubi yadda ya cire takalmi, ta gane yadda aka yi. Ya mayar da gilashin mazauninsa, ya zauna yana murza gwiwa.

Washegari ta shigo goge ɗaki, ta tarar da sabon farin layi a tagar. Ta ɗaga tsumma, ta tsaya. Sai ta goge gefen, ta bar masa layinsa.