Daɓen da Na Yi a Ƙofar 'Yandaka

Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki muka kama haya a Ƙofar 'Yandaka, ni da Malam, mijina, wanda ke ɗinki a kasuwa. Gidan ƙasa ne, kango ma za a ce. Tsakar gida duk ramuka, awakin unguwa sun mai da ɗaki ɗaya nasu. Mai gidan, wani Alhaji da siyasa ta fara yi da shi, ya ce mu gyara mu zauna iya son ranmu.

Ni kuwa na ɗauki maganar da gaske. Na sa aka kawo tsakuwa, na jiƙa makuba, na gayyato matan unguwa muka yi daɓe. Kwana uku muna dukan ƙasa muna waƙa, har tafin hannuna ya fashe. Daɓen ya fito ja yana ƙyalli, ko tuwo ya faɗi sai ka ɗauka ka ci. Na dasa zogale da lalle a bakin rijiya.

Wata huɗu da tarewarmu yayata ta aiko, wai an sami gida a Kambarawa, na siminti, da famfo da wuta. Malam ya so. Ni na ƙi.

"Malam, hannuna ko warkewa bai yi ba. Wa zan bar wa daɓena?"

"To ki zauna ki sha daɓe in rijiya ta ƙafe," in ji shi.

Mako biyu muna wannan ja-in-ja. Wata rana da hantsi Alhaji ya yi sallama a zaure, Malam na kasuwa.

"Uwargida, sannu da ƙoƙari. Kai, gidan ga ya zama gida! Ga 'yar takarda, Malam ya miƙa ma dillalina, shagonsu na kusa."

Ko ninke ta bai yi da kyau ba. Ya san na yi makarantar allo, ajami ba ya gagara ta, shi ya sa ya rubuta da boko. Abin da bai sani ba, shekara guda ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, da shekaruna arba'in da ɗoriya.

Na zauna bisa daɓena na bi ta da yatsa, harafi harafi. "Matar ta gama gyara. A bari su shafe bango, bayan Salla a tashe su. Ofishin jam'iyya zan yi." Kalmar "tashe" sai da na karanta ta sau uku, don da farko na zaci tashen azumi yake nufi. A na ukun ne na gane. Wato ni ce leburarsa, kuma ni zan kai saƙon korata da hannuna.

Da Malam ya dawo na karanta masa. Ya ce mu bar wa Allah.

Na ce, "Shi Alhaji na bar shi da Allah. Daɓe kuwa nawa ne."

Ran da amalanke ya kwashe kayanmu zuwa Kambarawa, na sake kiran matan nan, wannan karon kowa da fartanya. Abin da muka yi kwana uku muna yi, kafin azahar mun farfashe shi. Waƙar ma ita muka maimaita. Na tumɓuke zogale da lalle na ɗaure su a zani. Na bar ƙofa a buɗe, awaki ba su jira gayyata ba.

Muna fitowa sai ga Alhaji da magoya bayansa. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Subhanallahi! Uwargida, mi ya yi zafi haka?"

"Yadda ka ba mu muka mayar maka, Alhaji. Ko rami ɗaya ba mu rage ba."

Na miƙa masa mabuɗi da 'yar takarda. Ita ce wasiƙar farko da na taɓa rubutawa da boko, layin a karkace, har da gogewa. Ya buɗe a gaban mutanensa. Kalma huɗu ce: "Matar ta gama gyara."

Simintin Kambarawa sanyi gare shi, ba ya ƙanshin makuba in an yayyafa ruwa, har yau ban saba da shi ba. Lallen dai ya kama. Ban yafe ba, kuma ba wanda ya ƙara ba ni takarda a buɗe.