Falon da ke Mayar da Magana

Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina gidan nan na unguwar Tafo, don in fitar da mahaifiyata daga ɗan ɗakinta na Zango. Na zuba tayil har bango, na ɗaga silin sama kamar na masallacin Juma'a. Ranar tashi na kafa doka ɗaya: tsofaffin tabarmi da adudai da tarin zannuwan nan nata ba za su shigar mini falo ba. Aka jibge su a sito.

Mma ta yi sallama a bakin ƙofa, falon ya maido mata da sallamarta. Muka yi dariya. Da na san abin da ke tafe, da ban buɗe haƙorana ba.

Ka yar da cokali, sai ka ce maƙera ce. Ka yi tari, mutum uku sun yi. Mu masu lafiyar kunne ma yaya muka ƙare, balle Mma da kunnenta ɗaya ya daɗe da ajiye aiki? Jikokinta su yi mata magana, ta bi bakinsu da kallo, ta ce "Na'am?" har sau uku, su gaji su watse. Matar da ba a raba ta da hira a Zango ta koma jan carbi a lungu.

Wata safiya ta ce, "Kai, ka mai da ni Zango. Gidan nan ba ni jin kowa koraa, ko kaɗan, sai gidan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Wani abokina ya rantse mini kiret ɗin ƙwai ne maganin. Na ciko tasi da su daga unguwar Asawase, muka manne bango. Amsa-kuwwa na nan daram, sai ƙarni da kyankyasai da muka ƙaru da su. Na kira kafinta, wani Ba'asante. Ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne, ya ce, "Maigida, ɗakinka ba kaya. Sa kaya." Kujeruna na fata yana kallo fa yake faɗin haka! Na sallame shi ina huci.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar Mma ta sa an buɗe sito. Tabarmi sun rufe tayil ɗina kaf. Atamfofin da ta shekara talatin tana ɓoyo ba ta ɗinka ba, ga su rataye a igiya, bango zuwa bango. Adudai a kusurwa, buzun marigayi Baba a tsakiya. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ji muryata ta fito ita kaɗai, ba mai maimaita ta.

Autata na gefenta tana ba ta labarin makaranta a hankali, Mma na dariya daidai wurin dariya.

Na tsaya da takalmi a hannu. Duk wahalar nan, ashe ɗakinta na Zango na sake gina mata, sai dai wannan ya yi nisa da ƙawayenta.

"Ka tsaya kamar baƙo," in ji ta. "Zauna. Kuma kar ka yi mini ihu, ina ji."